Munsharin Kyanwarki Ba Abin Dariya Ba Ne

Yau filin namu zai ɗan ajiye tukunya da littafin makaranta, ya leƙa wajen wata 'yar gida wadda ba ta da bakin faɗa miki inda ke mata ciwo.

A bazarar da ta wuce, wata rana wajen ƙarfe uku, ƙanwar maigidana ta kira ni muryarta na rawa. "Anti, Auduga za ta mutu." Auduga kyanwa ce fara tas, mai gashi buzu-buzu da fuska a daddafe kamar an danna ta da tafin hannu, irin wadda ake kira kyanwar Farisa. Autarta ce ta gani a waya ta dasa kuka, har uban ya gaji ya sayo mata a hannun wani mai kiwo, da kuɗin da ni kam da tunkiya zan saya. An ɗauke wuta tun safe, ɗaki ya zama tanda, sai suka tarar da kyanwar a kwance kan tayil ɗin banɗaki, baki a buɗe, harshe a waje, haƙarƙarinta na sama yana ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wata takwas ke nan Auduga tana gaya mana. Tun ranar da aka kawo ta take munshari. Yara har ɗaukar ta suke a waya suna tura mana, muna ta dariya, muna cewa ta fi kakansu iya barci. Ni ma na yi dariyar, ni da na shekara da shekaru ina kiwon kyanwa.

Allah Ya sa ta kai asibiti da rai. Bayanin da likitan dabbobi ya yi mana a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, shi na kawo miki, domin na lura irin waɗannan kyanwowi sun fara yawa a gidajenmu, musamman a Kano da Kaduna da Abuja.

Ki dubi magen gidanmu ta gargajiya, wadda ke bin katanga tana farautar ɓera. Hancinta ya fito gaba, kafofinsa a buɗe, iska na shiga ba ki jin motsinta. Haka lafiyayyen numfashi yake, shiru. Ita kuwa mai daddafaffiyar fuska, mutane ne suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci suna haɗa su aure, zuriya bayan zuriya, har ƙashin fuskar ya koma ciki. Matsalar ita ce ƙashin ne kawai ya gajarce, naman da ke cikinsa bai ragu daidai da shi ba. Kamar a kwaso kayan amarya na ciki da falo a cusa su a ɗaki ɗaya: komai ya shiga, amma babu wurin wucewa.

Cunkoson yana farawa tun daga ƙofa. Kafofin hancin sukan zama 'yan tsagu guda biyu, wani lokaci ma in dabbar ta ja numfashi sai gefunan su ƙara mannewa. Ki ɗan matse hancinki da yatsu biyu, ki bar 'yar ƙaramar hanya, ki hau bene a haka. To, wasunsu haka suke rayuwa dare da rana.

Daga nan sai can cikin baki. A ƙarshen rufin baki akwai wani tattausan nama da ke raba hanyar hanci da ta abinci, daidai inda belu yake a jikin mutum. Bari mu kira shi labule. A wurin mai gajeriyar fuska labulen nan ya yi wa ƙofarsa tsawo, ga kauri, sai ya riƙa faɗawa bakin maƙogwaro duk lokacin da aka ja iska. Kaɗawarsa ce munsharin da muke yi wa dariya. Wannan ya fi tsanani a karnuka. A kyanwa, matsewar hancin ce ta fi yawa, tare da hawayen da ba ya tsayawa, domin hanyar da hawaye ke bi ya sauka cikin hanci ita ma ta lanƙwashe. Shi ya sa kike ganin jan layi a gefen idonsu kullum, ko kin goge ya dawo.

Abin da ya fi ba ni tsoro a bayanin likitan shi ne ciwon ba ya zama wuri ɗaya. Kullum dabbar tana zuƙar iska da ƙarfi ta ƙuntatacciyar hanya, naman wurin yana ƙara kumbura. Wasu ƙananan aljihuna biyu da ke gefen maƙogwaro sukan juyo waje su ƙara tare hanya. In shekaru suka ja, guringuntsin maƙogwaron da kansa sai ya gaji ya fara ruftawa ciki, kuma in an kai nan gyara ya yi wuya ƙwarai. Ƙarfin zuƙar har ciki yake taɓawa, shi ya sa da yawansu ke yawan dawo da abinci ko farar kumfa.

Na san da yawa daga cikinmu kare na gadi kawai muka sani, yana can bakin ƙofa. Amma akwai masu karanta mu a garuruwa daban-daban da ke ajiye ƙananan karnukan gida, kuma asalin wannan magana a kan karnuka aka fi yin ta. Pug, da Buldog na Ingila, da Buldog na Faransa su ne kan gaba. A Amurka, a shekarar 2022, Buldog na Faransa ya zama karen da aka fi yi wa rajista, ya ture Labrado wanda ya shekara 31 yana riƙe da kambun. Manyan idanu da zagayayyiyar fuska irin ta jariri su ke jan mutane, kuma su ne dai ciwon. Har ta kai ƙasar Holan, a 2019, ta fitar da ma'auni: karen da tsawon hancinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙoƙon kansa ba, ba a yarda a yi kiwo da shi don ya hayayyafa ba. A Ingila kuma likitocin Jami'ar Kambirij sun tsara gwaji mai sauƙi: a saurari numfashin kare, a sa shi sassarfa na minti uku, a sake saurara. Wanda ke shiru yana kwance, sau da yawa a nan asirinsa ke tonuwa.

Su ke nan da ke ƙasashen sanyi. Mu fa? Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, iska tana bi ta kan damshin hanci da harshe tana sanyaya jini. In hanyar iskar a toshe take, fankar jikinsa ce ta lalace. Yana haki maƙogwaro na kumbura, yana kumbura yana ƙara haki. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, irin wannan kare zai iya mutuwa a cikin motar da aka tsayar don a shiga kanti a fito. Kamfanonin jiragen sama da dama sun daina ɗaukar su a ɗakin kaya saboda wannan dalili.

Ga abu ɗaya da nake so ki riƙe ko kin manta sauran. Kare yana haki bayan gudu, wannan ɗabi'arsa ce. Kyanwa kuwa ta hanci take numfashi. In kin ga kyanwa zaune baki a buɗe tana jan iska, ba wasa ta gama yi yanzu-yanzu ba, ki ɗauka gobara ce ta tashi. Ba lallai ma daga hanci ba ne, yana iya zama zuciya, ko asma, ko ruwa a ƙirji. Ko wanne ne, na asibiti ne a ranar. Haka in dasashi ko harshe ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ko ta miƙe wuya ta ware hannuwa ta ƙi kwanciya.

Akwai awon da za ki iya yi yau da dare da agogon wayarki. In ta yi barci, ki ƙirga sau nawa ƙirjinta ya ɗaga a daƙiƙa 30, ki ninka biyu. Lafiyayyen kare ko kyanwa da ke barci bai kamata ya wuce 30 a minti ɗaya ba. Ki kuma lura da yadda take barcin. Wadda ke ɗora haɓa kan wani abu, ko take gyangyaɗi a zaune, ko take firgita ta farka kamar an shaƙe ta, hanyar iska take nema. Ki ɗauki bidiyo da sauti ki tafi da shi, domin a gaban likita tsoro kan sa su canza numfashi.

In zafi ya riga ya kama ta, ki fara sanyaya ta kafin ki nemi mota. Ki kai ta inuwa, ki zuba mata ruwan randa a jiki, ki sa fanka ko mafici. Kada ki lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul, zafin yake riƙewa. Kada ki ɗura mata ruwa a baki, huhu zai tafi. Kyanwa kuma kada a danne ta da ƙarfi, a shafa mata ruwan a hankali, domin kokawa kaɗai tana iya ƙarasa wadda numfashinta ya yi ƙaranci.

Sai kuma wannan, don Allah. Kada ki ba kyanwa farasitamol, ko na yara ne, ko ɗan gutsure. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Yana lalata jininta ya kasa ɗaukar iska, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ƙanwar maigidana ta riga ta ɓallo ƙwayar tana neman cokali lokacin da ta kira ni, kuma da kyakkyawar niyya ta uwa ta yi hakan.

To, me tiyata ke yi?

Da farko likita ba ya iya ganin labulen nan da kyau sai an sa dabbar barci, don haka sau da yawa dubawa da aikin a zama ɗaya ake yin su. A hanci, ana yanke ɗan nama mai siffar yankan kankana daga gefen kowace kafa, a ɗinke, sai ƙofar ta buɗe. Aikin bai da girma, amma bambancinsa a fili yake. Shi aka yi wa Auduga bayan ta farfaɗo da 'yan makonni. A cikin baki kuma ana rage tsawon labulen, wasu likitocin har kaurinsa suke ragewa su naɗe shi su ɗinke. Awo ne mai tsanani: in an bar shi da tsawo ba a yi komai ba, in an wuce gona da iri abinci da ruwa su riƙa hawa hanci. Aljihunan nan da suka juyo, in sun tare hanya, a cire su.

Na ji zuciyar wata tana cewa, ashe cire belu ne, ai wanzamin unguwarmu ya iya. A'a, 'yar'uwa. Kare da kyanwa ba su da belu ma sam. Wannan aiki ne na ɗakin tiyata, da bututun numfashi a maƙogwaro, da iskar oksijin a kusa. Ko a hannun gwani, wurin da ya fi haɗari shi ne lokacin farkawa, sa'ad da aka zare bututun, wurin da aka yanka kuma ya fara kumbura. Wani lokaci sai an huda maƙogwaro ta wuya an sa bututu na 'yan kwanaki kafin kumburin ya sauka. Saboda haka kafin ki sa hannu, ki tambayi likitan ba tare da jin nauyi ba: ya taɓa yin irin wannan aikin? Akwai oksijin? Wa zai kwana da ita daren farko? In an ɗauke wuta fa? Likitan kirki ba zai ji haushi ba, in ba fanninsa ba ne zai tura ki gaba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da ta Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, nan ne wurin fara tambaya in garinku babu mai yi.

Bayan aiki, abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, hutu na kamar mako biyu, wuri mai sanyi, a hana yara ɗauka da jagwalgwalawa. Kare kuma ya rabu da igiyar wuya har abada, a koma wa irin ɗamarar da ke zagaya ƙirji.

Gaskiyar da masu sayarwa ba sa faɗa ita ce tiyata sauƙi take kawowa, ba ta sake wa dabba fuska. Yawancinsu suna samun sauƙi sosai, suna barci, suna wasa, amma har ƙarshen rayuwa sai an kiyaye su daga zafi. In bututun iskar da ke gangarawa huhu tun asali siriri ne, kamar yadda ake yawan samu a Buldog na Ingila, babu wuƙar da ke faɗaɗa shi. Kuma wanda aka yi wa da ƙuruciya, kafin maƙogwaro ya gaji, ya fi wanda aka jira cin riba. Sai ƙiba. Mu da muke nuna ƙauna da loma, mu ji tsoron Allah a nan. Kitse yana taruwa a wuya da ƙirji ya ƙara matse hanyar, kuma rage shi magani ne da ba a biya ko kwabo.

Kada mai magen gargajiya ta ce wannan ba nata ba ne. Akwai wani tsiro da ke fitowa daga cikin kunnen tsakiya, ya bi 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙoshi, ya rataya a bayan hanci. Ƙananan kyanwowi ya fi kamawa, kowace iri. Za ki ji munshari a kyanwar da da ba ta yi, ga majina da atishawa, wani lokaci tana karkata kai ko tana sosa kunne. A yi ta ba da maganin mura wata da watanni, ya lafa ya dawo. Ba kansa ba ne. Ana sa ta barci a kama shi a jawo shi daga tushe, a bi da magani don kada ya sake tsirowa. In ya dawo, sai a buɗe ƙashin kunnen ta ƙarƙashin muƙamuƙi a kwashe saiwar. Bayan aikin ido ɗaya kan ɗan ƙanƙance, wata farar fata ta rufo gefensa. Yana tayar da hankali in ba a gaya miki ba, amma yawanci cikin 'yan makonni yake washewa.

Wani lokacin ma abin bai kai haka ba. Ganyen ciyawa ɗaya da ta ci ya maƙale a bayan labulen ya isa ya sa ta atishawa da kakari ba ƙaƙƙautawa. In majina ta kafa ɗaya kawai take fita, ko da jini a ciki, musamman a tsohuwar dabba, a duba da wuri.

Ita murar kyanwa ta yau da kullum, mai atishawa da kwantsa, ƙwayoyin cutar da suka fi kawo ta ba sa kama mutum, kuma akwai allurar rigakafinsu. Na faɗi haka ne don na san tambayar da za ta fara zuwa ke nan daga masu goyo. A wanke hannu dai bayan an taɓa ta. Sannan mu da turaren wuta ba ma rabuwa, ni ma haka. Amma in za ki turara ɗaki, ko ki kunna maganin sauro mai hayaƙi, ki fitar da kyanwar tukuna, musamman a hunturu da ƙura ta riga ta cika hanci.

Tsohon babban kare shi kuma nasa daban ne. Bakin maƙogwaro yana da ƙyamare biyu da ke buɗewa duk jan numfashi. In jijiyar da ke buɗe su ta yi rauni da tsufa, sai su tsaya a tsakiya. Labrado ya yi suna da wannan. Haushinsa ya dishe, numfashi ya yi ƙara kamar ana zarto, ɗan tafiya kaɗan ya tsaya. Mutane su ce ai tsufa ne. Tiyatarsa ita ce a ɗaure ƙyaure ɗaya a buɗe da zare, a bar shi haka. Iska ta samu hanya nan take, amma ƙofar da ba ta rufuwa abinci ma na iya bi, don haka har ƙarshen ransa ana lura da tari da zazzaɓi, kuma ba shi ba iyo.

A nan sai na ja kunne da ƙarfi, domin ƙasarmu ba Ingila ba ce. Karen da muryarsa ta canza cikin 'yan kwanaki, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya kamar ƙashi ya maƙale masa, yana iya zama ciwon hauka ne, ko bai yi faɗa ba, ko bai ciji kowa ba. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa neman ƙashi. A janye yara, a killace shi, a kira likitan dabbobi. Wanda ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ciwon tsufan da na faɗa a hankali yake zuwa, wata da watanni. Amma rarrabewar ba aikinki ba ne.

Saura ke da yaranki suka tasa a gaba da hoton kyanwa a waya. Ra'ayina, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba: kada ki saya mai daddafaffiyar fuska. Kowace aka saya, an gaya wa mai kiwo ya ƙaro irinta. In gashin ne ya burge yaran, a cikin kyanwowin Farisa akwai masu hancin da ya fito sosai, irin na da. Ki je da kanki, kada a aiko miki a kwali. Ki kalli fuskar ta gefe, ki ga ko hanci ya wuce idanu. Ki leƙa kafofin, ramuka ne ko tsagu. Ki sa a yi mata wasa na 'yan mintoci, sannan ki kara kunne. Ki nemi ganin uwar. In mai sayarwa ya ce ai haka irinsu suke, gaskiya ya faɗa, kuma dalilin barin ta ke nan.

In kuwa tana gidanki tuni, amana ce ta riga ta hau kanki, ba a mayar da hannun agogo. Auduga tana nan. Hancinta ya buɗe, munsharin ya ragu ƙwarai amma bai ɗauke ba, kuma da bazara ta kama ita ke da ɗakin da ya fi sanyi a gidan, da kwanon ruwa biyu. Autar ce ke ƙirga mata numfashi duk daren Juma'a, tana rubutawa a bayan littafin lissafinta. Makon jiya 24 ta samu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.